Ta Yaya Aka Sani? Jagorar Karatun Kai da Bincike ga Ɗalibin Ilimin Halittu

A sakandare ɗalibi kan haddace cewa ƙwayar halittar mutum na ɗauke da kuromosom 46, ya zuba a takardar jarrabawa, ya ci makinsa. A jami'a ko kwaleji wannan hadda ba ta kai mutum ko'ina, domin tambayar ta canza. Za a ce maka: in haka ne, me zai faru idan tagwayen kuromosom suka ƙi rabuwa a lokacin da ake ƙera ƙwan haihuwa? Ko a miƙo maka jadawalin sakamakon gwajin da ba ka taɓa gani ba, a ce ka faɗi abin da ya nuna da abin da bai nuna ba. Malami ba shi da lokacin da zai koya maka wannan a lakcar awa biyu. Kai za ka koya wa kanka, kuma makamin da za ka riƙe tambaya ce guda ɗaya da za ka riƙa yi wa littafi, da malami, da maƙala, da kanka ma: ta yaya aka sani?

Karatun da ke zama a ka

Maimaita karanta shafi yana yaudara. A karo na uku idonka ya saba da kalmomin, sai zuciyarka ta ce ai na iya. Sabon ido daban, iyawa daban. Hanyar rarrabe su ita ce ka rufe littafin, ka ɗauko farar takarda, ka rubuta ko ka zana duk abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka cike giɓin da biro mai wani launi. Abin da ya fito da launi na biyu shi ne karatunka na gobe, ba babin gaba ɗaya ba.

Ɗauki gilaikolisis, wato matakai 10 da ƙwayar halitta ke bi ta fasa sukarin gulukos. Kada ka fara da haddar sunayen sinadaran goma. Fara da lissafin shiga da fita: gulukos ɗaya mai kabon 6 ya shiga, fairubet biyu masu kabon 3 kowanne sun fita, an kashe ATP 2 (sinadarin da ke ɗauke da kuzarin ƙwayar halitta), an samu 4, riba 2, ga kuma NADH 2 (sinadarin da ke ɗaukar elektaron). Idan wannan ƙashin ya tsaya, sai ka ɗora masa nama mataki-mataki. Daga nan ka yi wa kanka tambayar da malamai ke so: idan aka toshe wannan mataki, wane sinadari ne zai taru, wanne zai yi ƙaranci? Wanda ya amsa wannan ya fahimci hanyar. Wanda bai amsa ba, jerin sunaye kawai ya haddace.

Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo. Saboda haka bitar farko a yi ta a ranar lakcar, ko da minti 20 ne, ta biyu bayan kwana uku, ta uku bayan mako, sannan bayan mako uku. Manhajar Anki na tsara irin wannan jadawali da kanta, amma katin takarda ma ya wadatar: tambaya a gaba, amsa a baya, kuma kati ɗaya tambaya ɗaya.

Kalmomin fannin kuwa, yawancinsu guntayen Girkanci da Latin ne aka harhaɗa. Hepato hanta ce, nephro ƙoda, cyto ƙwayar halitta, lysis fasawa, hyper sama da kima, hypo ƙasa da kima. Kalmar da ta ƙare da ose galibi sukari ce, wadda ta ƙare da ase galibi enzayim ce, shi ya sa lactase ke narkar da lactose. Ka ware shafi biyu a ƙarshen littafinka don waɗannan guntaye. Hamsin daga cikinsu za su buɗe maka ɗaruruwan kalmomi ba tare da ƙamus ba.

Idonka da hannunka a kan madubin ƙara girma

Gani ya kori ji, amma sai in an iya ganin. Ga misali da fatar albasa. Ɓare siririn tantanin da ke cikin ɓawon, ka shimfiɗa shi a gilashin silaid ba tare da ya naɗe ba, ka ɗiga masa ruwan aidin ɗigo ɗaya. Murfin gilashin kada ka sake shi a kwance: kafa gefe ɗaya, ka karkata shi kamar digiri 45, ka sauke shi a hankali da bakin allura. In ka sake shi haka kawai, iska za ta maƙale, kuma waɗannan zagayayyun abubuwa masu kaurin baƙin baki da sababbin ɗalibai ke zanawa da sunan ƙwayoyin halitta, kumfar iska ce.

Kullum a fara da ƙaramin ruwan tabarau mai lamba 4. A nan ne kawai, da kuma mai lamba 10, ake taɓa babban maɓallin daidaita gani. Da ka koma mai lamba 40, ƙaramin maɓalli kaɗai za ka juya, domin tazarar da ke tsakanin tabarau da gilashi ba ta kai milimita ɗaya ba, juyi ɗaya na babban maɓallin ya isa ya fasa silaid ya ƙwarzane tabarau. Mai lamba 100 sai da ɗigon mansa na musamman, kuma in man ya taɓa mai lamba 40 komai zai dawo hazo-hazo har sai an goge da takardar goge tabarau. Girman da kake gani shi ne lambar tabarau na ido sau lambar na ƙasa: 10 sau 40, ninki 400. In abin ya yi fari fat ba ka ganin komai, rage hasken kafin ka zargi samfurin.

Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima, don haka ka auna. Ɗora rula mai garai-garai a ƙarƙashin tabarau mai lamba 4, ka ƙirga milimitocin da ke faɗin da'irar hasken. A madubai da yawa za ka samu kusan 4.5. A mai lamba 10 zai zama 1.8, a mai lamba 40 kuma 0.45, wato maikuromita 450. Idan ƙwayoyin albasa shida suka jeru a tsaye suka cika faɗin 1.8, tsawon kowace kusan maikuromita 300 ke nan. Ka zana da fensir mai tsini, layi ɗaya ba inuwa, ka rubuta ninkin girman a ƙasa. Ka zana abin da ke gabanka, ba hoton da ke littafi ba.

Neman abin da wasu suka riga suka gano

Littafin darasi yana ba ka abin da ya riga ya zauna, amma yakan kasance shekaru a bayan bincike. Maƙalar bita, wadda masani ke tattara ayyuka da yawa ya auna su, ita ce ƙofar shiga sabon fanni. Maƙalar asali kuma ita ce wadda masu gwajin suka rubuta da hannunsu, da hanyoyinsu da alƙalumansu. Ka fara da ta bita wadda ba ta wuce shekara biyar ba, ka bi manazartarta zuwa na asali.

PubMed, wanda Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasa na Amurka ke gudanarwa, kyauta ne, kuma ya fi ƙarfi a kan lafiya, ƙwayoyin cuta da ilimin gado. Google Scholar ya fi faɗi, yana kamo tsirrai da muhalli da kundayen digiri, amma ba ya tacewa sosai. Kada ka rubuta doguwar jimla a akwatin nema. Zaɓi kalmomi biyu ko uku, ka haɗa su da AND don taƙaitawa, OR don faɗaɗawa, ka sa kalmomin da ke tafiya tare cikin alamar zance. Sunan kimiyya ya fi sunan gida kamo abin da kake so: "Solanum tuberosum" AND osmosis zai fi maka kalmar dankalin turawa. In ka dace da maƙala mai kyau a Google Scholar, danna mahaɗin da ke ƙarƙashinta mai nuna waɗanda suka kafa hujja da ita daga baya. Ta nan za ka gane ko an tabbatar da ita ko an rushe ta.

Wannan dubawar ba ƙaramin abu ba ne. A 1998 mujallar The Lancet ta buga maƙala kan yara 12 da ta danganta wata allurar rigakafi da larurar otizim. Manyan bincike da suka biyo baya ba su ga wannan alaƙa ba, kuma mujallar ta janye maƙalar a 2010. Duk wanda ya tsaya a girman sunan mujalla bai duba yawan samfur da abin da ya biyo baya ba, ya ɗauki ruɓaɓɓen tubali. Akwai kuma mujallun da ke buga komai muddin an biya, ba tare da masana sun tantance ba. Alamarsu alƙawarin bugawa cikin 'yan kwanaki da karɓar kowane fanni a mujalla ɗaya. Manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira ma sukan ƙago sunan maƙala da marubuta da ba su taɓa wanzuwa ba. Duk madogarar da ba ka buɗe da kanka ba, kada ta shiga aikinka. Sa lambar DOI ɗinta, wato lambar shaidar maƙala a intanet, a doi.org ka ga inda za ta kai ka.

Maƙalar asali ba a karanta ta daga farko zuwa ƙarshe kamar labari. Karanta tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙalar, sai sakin layi na ƙarshe na gabatarwa inda suke faɗin tambayarsu, sai ka tsallaka kai tsaye zuwa hotuna da jadawalai. A kowane giraf ka tambayi kanka: me ke layin kwance, me ke na tsaye, da wane ma'auni, samfur nawa, kuma da me aka kwatanta? Rubuta abin da kai ka gani a jimla ɗaya kafin ka karanta fassarar marubutan, sannan ka gwada taka da tasu. Bayan ka gama, ka rufe maƙalar ka rubuta layi huɗu da kalmominka: tambaya, hanya, sakamako, rauni. Rufewar ce ke tsare ka daga satar fasaha, domin mai kallon jimlar wani yana rubutu, jimlar ce za ta fito da ɗan kwaskwarima. Ka adana bayanan maƙalar a manhajar ajiye manazarta irin su Zotero ko Mendeley a ranar da ka same ta.

Daga tambaya zuwa gwaji

Nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan.

"Tasirin sukari a kan tsirrai" ba tambaya ba ce, fili ne. Tambaya ita ce: a wane ƙarfin ruwan sukari ne yankan dankalin turawa ba zai ƙara nauyi ba kuma ba zai rage ba? Wannan ana iya amsa ta da sikeli a rana ɗaya. Hasashe kuma dole ya zama wanda sakamako zai iya ƙaryatawa: idan ruwan waje ya fi na cikin ƙwayoyin dankalin kauri, ruwa zai fita ta tantaninsu, nauyi ya ragu, in ya fi shi tsinkewa nauyi ya ƙaru. Ka fitar da abu uku a rubuce kafin ka taɓa kwalba: abin da kake canzawa, wato ƙarfin sukarin, abin da kake aunawa, wato canjin nauyi, da abubuwan da za ka riƙe daidai, wato girman yanka, yawan ruwa, zafin ɗaki da tsawon lokaci.

Rukunin kwatanci shi ne ƙashin bayan gwaji. A 1668 Francesco Redi ya so ya san ko tsutsa daga nama take fitowa da kanta. Ya sa nama a kwalabe, wasu a buɗe, wasu a rufe. Tsutsa ta fito a buɗaɗɗun kawai. Mai gardama zai ce ai rashin iska ne ya hana, sai ya ƙara wasu kwalaben da ya rufe da yadi mai raga, iska na shiga ƙuda ba ya shiga, naman cikinsu kuma bai yi tsutsa ba. Ka yi wa gwajinka irin wannan tambayar: in mai gardama ya ce wani abu ne daban ya jawo sakamakon, wace kwalba zan nuna masa?

Yanzu ga aikin. Mola ɗaya ta sukuros giram 342 ce a lita. Auna giram 171, ka narkar da shi a ruwan da aka tace ta tururi kamar mililita 300, sannan ka cika har layin mililita 500. Lura: a cika zuwa 500 aka ce, ba a zuba 500 a kan sukarin ba. Sukarin da kansa yana cin wuri, in ka yi na biyun ruwanka zai fi yawa, ƙarfinsa ya gaza mola ɗaya, kuma duk sauran lissafinka ya karkace tun daga tushe. Daga wannan uwar ruwa za ka haɗa sauran da ƙa'idar C1V1 = C2V2, inda C ke nufin ƙarfin ruwan, V kuma yawansa. Don samun mililita 100 na 0.2, ɗebi 20 ka ƙara ruwa 80. Na 0.4, 40 da 60. Haka 0.6 da 0.8, sai 1.0 ba sirki, sai ruwa zalla a matsayin sifili. Ƙarfi shida ke nan, kowanne ka raba shi bututu biyar, mililita 20 a kowane, bututu 30. Rubuta wa kowane bututu lamba kafin ka zuba komai, domin ruwan 0.2 da na 0.8 kamarsu ɗaya a ido.

Samo dankali biyar, ba ɗaya ba. Daga kowane ka huda silinda shida da abin huda toshiya, ka yanke ɓawon bakinsu, ka daidaita tsawonsu santimita 3, ka raba su ɗaya-ɗaya ga ƙarfi shidan. Dalilin dankali biyar yana da muhimmanci. Idan duk yankan 30 daga dankali ɗaya suka fito, ba ka maimaita gwajin sau biyar ba, dankali ɗaya ka auna sau biyar, kuma abin da ka gano labarin wannan dankalin ne kaɗai. Haka in ka shuka iri 20 a tukunya ɗaya ka ba su taki, wasu 20 a wata tukunyar ba taki: samfurinka ɗaya da ɗaya ne, ba 20 da 20 ba, tunda duk abin da ya sami tukunyar, na haske ko na ruwa, ya sami 20 ɗin tare. Wannan maimaicin bogi ya lalata kundaye masu yawa, kuma ba a gyara shi da lissafi bayan an gama.

Mayar da sikeli sifili, ka auna kowane yanki zuwa lamba biyu bayan ɗigo, ka jefa shi a bututunsa nan take, ka rubuta lokaci. Yankan da aka bari a kan tebur yana bushewa, sai ya sha ruwa fiye da kima. Toshe bakin bututun don kada tururi ya ƙara wa ruwan kauri. Bayan awa ɗaya a ƙalla, ka fitar da su bisa jerin da ka sa su, ka mirgina kowanne a takardar tsane ruwa sau ɗaya tak, ba matsawa, ka sake aunawa. Ruwan sukari mai kauri yana manne wa yanka, in ba ka tsane daidai ba zai ɓoye nauyin da aka rasa.

Kada ka kwatanta giram da giram. Yanki mai 2.40 da ya koma 2.64 da mai 1.80 da ya koma 2.04 duk sun ƙaru da 0.24, amma na farko kashi 10 cikin 100 ne, na biyu kashi 13.3. Cire nauyin farko daga na ƙarshe, raba da na farko, ninka da 100. Sa ƙarfin sukari a layin kwance, canjin nauyi a na tsaye, ka ja layin da ya fi dacewa da ɗigogin. Inda ya ratsa sifili nan ne amsarka, kuma ga dankali sau da yawa tana faɗawa kusa da 0.3.

Kafin babban gwajin, yi ɗan ƙarami da bututu uku. A nan za ka gane ko awa ɗaya ta isa, ko sikelinka na iya kama bambancin.

In aikinka na bakteriya ne, ƙa'idojin ɗaya ne, sai dai tsabta ta ƙaru. Ana kashe ƙwayoyin da ke kayan aiki a tukunyar tururi mai matsi a digiri 121 na minti 15, a goge tebur da ruwan etanol mai kashi 70. Ana tsinka samfur mililita 1 cikin 9, a sake ɗibar 1 daga nan zuwa wata 9, da sabon bakin fifet kowane mataki. Farantin shuka da ke da gungun bakteriya 30 zuwa 300 kawai ake ƙirgawa. In ka shafa mililita 0.1 daga tsinkin ɗaya cikin 100,000 ka samu gungu 87, lissafin shi ne 87 sau 10 sau 100,000, wato miliyan 87 a kowace mililita. Ka ajiye faranti ɗaya da ba ka shafa wa komai ba. In wani abu ya tsiro a kansa, kayan aikinka ne suka gurɓata, sakamakon ranar ya tashi. A rinin Gram kuma, wato rinin da ke rarrabe bakteriya ta launi, barin ruwan wankin ya wuce 'yan daƙiƙoƙi ko amfani da tsohuwar shuka da ta haura kwana ɗaya yana sa masu launin shuɗi-ja su fito ruwan hoda. Ba a zuƙar fifet da baki, ba a buɗe farantin da ba a san abin da ya tsiro a ciki ba, kuma duk binciken da ya shafi mutum ko dabba sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin a fara, ba bayan an gama ba.

Littafin ɗakin gwaji

Ya zama ɗinkakke, mai lambar shafi, a rubuta da biro. Kwanan wata a sama, sai abin da ka yi da gaske, ba abin da takardar umarni ta ce a yi ba. In ka bar bututu minti 68 maimakon 60, rubuta 68. Kuskure a ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, a rubuta gyara a gefe. Lamba ba ta tafiya ba ma'auninta. Kada ka rubuta a guntuwar takarda da niyyar kwafewa anjima. Ka ɗauki hoton shafukan ranar, ka shigar da alƙaluman a kwamfuta, ka ajiye kwafi a wuri biyu.

Lambar da ta fita daban da 'yan uwanta ba a share ta don ta ɓata kyan giraf. Ruwa ba ya tsami banza. Koma littafinka: in ka rubuta cewa yankan ya faɗi ƙasa ko bututun ya zube, kana da hujjar ware ta, kuma ka faɗa a rahoto. In ba ka da hujja, ta zauna.

Abin da lambobi ke faɗi da abin da ba sa faɗi

Matsakaici shi kaɗai rabin labari ne. Jerin 9, 10, 10, 10, 11 da jerin 2, 5, 10, 15, 18 duk matsakaicinsu 10, amma na farko a dunƙule yake, na biyu a warwatse. Shi ya sa ake haɗa matsakaici da ma'aunin warwatsuwa, SD, da yawan samfur, n. In ka sa sandunan kuskure a giraf, faɗi ko SD ne ko SE, wato ma'aunin kuskuren matsakaici, domin SE kullum ya fi gajarta, shi ne SD da aka raba da tushen n.

Zaɓi gwajin ƙididdiga tun kafin ka tara bayanai. Kwatanta matsakaici biyu na abin da aka auna, gwajin t. Fiye da biyu, ANOVA. Abin da aka ƙirga aka kasa rukuni-rukuni, kai-sikwaya. Ga yadda na ƙarshen ke aiki da alƙaluman Gregor Mendel da aka buga a 1866. Ya samu ƙwayar wake mai santsi 5,474 da mai tamoji 1,850, jimla 7,324. In rabon 3 da 1 ne daidai, ana sa ran 5,493 da 1,831. Bambancin kowanne 19 ne, 19 sau 19 kuma 361. Raba 361 da 5,493, ka sake raba 361 ɗin da 1,831, ka haɗa amsoshin biyu, za ka samu kusan 0.26. Iyakar da ke jadawalin kai-sikwaya ga rukuni biyu a matakin 0.05 ita ce 3.84. Tunda 0.26 bai kai nan ba, ba mu da dalilin watsi da rabon 3 da 1. Lura da lafazin: ba mu ce an tabbatar ba. Haka kuma idan p, lambar yiwuwa da gwajin ƙididdiga ke fitarwa, ya yi ƙasa da 0.05, hakan ba ya nufin hasashenka gaskiya ne da kashi 95. Yana nufin in da babu bambanci na gaske, samun irin wannan sakamako ko wanda ya fi shi zai faru ƙasa da sau 5 cikin 100.

Awo na iya yin daidai fassara ta kauce. Jan Baptist van Helmont, a ƙarni na 17, ya dasa itacen wilo mai nauyin fam 5 a busasshiyar ƙasa fam 200, ya yi shekara biyar yana ba shi ruwa kawai. Itacen ya kai fam 169, ƙasar kuwa oza 2 kacal ta rage. Ya yi gaskiya da ya ce ba ƙasa itacen ya ci ba. Amma ya yanke cewa duka daga ruwa ne, alhali mafi yawan busasshen nauyin itace daga iskar kabon dayoksaid yake, abin da sikelinsa bai auna ba. Duk lokacin da za ka rubuta "wannan ya nuna cewa", tsaya ka lissafa abin da ba ka auna ba.

Rubuta rahoto

Ba a rubuta shi bisa jerin da ake karanta shi. Fara da giraf da jadawalai, kowanne da bayanin da zai sa a fahimce shi ba tare da an koma cikin rubutu ba, na jadawali a samansa, na hoto a ƙasansa. Sai hanyoyin gudanar da bincike, da cikakken bayanin da wani zai iya maimaitawa bai neme ka ba: nawa, na tsawon wane lokaci, a wane zafi, sau nawa. Sai sakamako, abin da aka gani kawai ba fassara. A tattaunawa ne za ka faɗi ma'anarsa, ka gwada shi da na wasu, ka ambaci rauninsa da suna. "Kuskuren ɗan Adam" ba bayani ba ne. "Tsane ruwa da hannu bai zama iri ɗaya ba, kuma hakan zai fi shafar ƙarfin 0.8 da 1.0" shi ne bayani. Gabatarwa ta biyo baya, tsakure a ƙarshe.

Sunan halitta kashi biyu ne bisa tsarin da Carl Linnaeus ya kafa: na farko da babban baƙi, na biyu da ƙarami, duka a karkace in a kwamfuta ne, ko a ja musu layi in da hannu ne. A rubuta Escherichia coli cikakke a karon farko, daga baya E. coli. Duk madogarar da ke cikin rubutu ta fito a manazarta, duk wadda ke manazarta ta fito a rubutu, da salo ɗaya wanda sashenku ya amince da shi.

In za ka je wurin mai duba aikinka, kada ka je da "Malam, bai yi ba". Je da littafinka a buɗe a shafin da abin ya faru, da abin da ka sa rai, da abin da ka samu, da dalilai biyu da kake zargi, da gwajin da zai rarrabe tsakaninsu. Ka kai masa daftarin farko mako biyu a ƙalla kafin ranar miƙawa, tare da ɗanyen alƙalumanka, domin in ya ce a sake wani awo, bututu da sikeli su kasance suna hannunka.